Dashen reshen yasmin a gida: me ya sa nawa ke ruɓewa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Sau uku ke nan ina yanko reshen yasmin ina dasawa a tukunya, amma ko ɗaya bai taɓa kamawa ba. A karo na ƙarshe rassa 8 na dasa, 5 suka yi baƙi daga ƙasa cikin kwana 10, sauran 3 kuwa har sun yi toho na fara murna, sai suka yi yaushi suka bushe, kuma da na tumɓuke su ban ga ko alamar saiwa ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa gwadawa su faɗa mini yadda suka yi da abin da suka gani.

Wani dattijo mai lambu: Wa'alaikumus salam, 'yata. Tohon da kika gani shi ne ya yaudare ni ni ma a shekarun farko, domin reshe yana iya fitar da sabon ganye da abincin da ke ajiye a jikinsa alhali ƙasansa babu komai. Baƙin da ya faro daga ƙasa kuwa ruwa ne ya yi yawa. Ni yanzu reshen bana nake zaɓa wanda ya fara ƙwari, ba ɗanye sharaf ba, ba kuma tsohon da ya zama itace ba, in yanke shi da sassafe da reza mai tsabta, tsawon santimita 10 zuwa 15, dab da ƙasan gaɓa, saboda a wajen gaɓar saiwa ta fi saurin fitowa. Ina tsige ganyen ƙasa duka, in bar biyu ko uku a sama, idan manya ne in rage rabinsu da almakashi. Furen da ke jiki, ko da bai buɗe ba, cire shi nake yi, duk da cewa hannu yakan yi nauyi a nan. Ƙasar da nake sawa rabinta yashi ne, kuma tukunyar da ba ta da huji a gindi ba na ko kallonta.

Wata malama: Baba, ku gafarce ni, ni a ruwa na fara samun nasara. Na sa rassa a kwalba kusa da taga, ina canja ruwan bayan kwana biyu ko uku, kuma a mako na 4 fararen saiwoyi suka bayyana. Sai dai da na mayar da su ƙasa rabi sun mutu, saboda na bari saiwar ta yi tsawo ƙwarai, ga ta da saurin karyewa. Daga baya na koma mayarwa tun tana santimita 2 ko 3, asarar ta ragu sosai.

Dattijon: Gaskiyarki, Malama, yana kamawa a ruwa, musamman yasmin mai faffaɗan ganye da masana ke kira Jasminum sambac. Amma irinsa mai fure ninki-ninki kamar ƙaramin wardi ya fi taurin kai, ni dai bai taɓa yi mini saiwa a kwalba ba.

Wani matashi: Abin da ya gyara mini nawa leda ce. Bayan na tsoma gindin reshen a garin maganin fitar da saiwa, na kakkaɓe wanda ya yi yawa, na huda ƙasa da tsinke kafin in sa shi don kada garin ya goge, sannan na kifa farar leda a kan tukunyar da 'yan sanduna don kada ta taɓa ganye. Reshen da ba shi da saiwa ba ya iya mayar da ruwan da ganyensa ke fitarwa, ledar ce ke riƙe masa danshi. Kuskuren da na yi sau ɗaya shi ne na bar tukunyar inda ranar tsaka ke duka, kafin yamma rassan sun dahu a cikin ledar. Tun daga nan a inuwa mai haske nake ajiyewa, ina buɗewa kaɗan kullum don iska ta shiga, ba na ƙara ruwa sai saman ƙasar ya fara bushewa. Tsakanin mako 4 zuwa 6 nake jan reshen a hankali, idan na ji ya turje to ya kama.

Wata Hajiya: Ni fa na haƙura da yanka gaba ɗaya. Dogon reshe nake lanƙwasowa daga uwar shukar, in ɗan kankare bawon a ƙasan gaɓa, in binne wurin in danne da dutse, kan reshen yana waje. Uwar ce ke ci gaba da ciyar da shi har ya yi tasa saiwar, bayan wata 2 ko 3 in raba su. Yana da jinkiri, kuma tsiro kaɗan ake samu, amma ban taɓa rasa ko ɗaya ta wannan hanya ba. Ki kuma duba ko ba a kife kike dasa wasu ba, domin idan an tsige ganye sama da ƙasa sukan rikice wa mutum, na kife kuwa ba ya kamawa.

Mai tambaya: Na gode muku ƙwarai. Yanzu na gane cewa safe da yamma nake ba su ruwa a ƙasa mai yumɓu, kuma ɗanyen kan reshe nake yankowa da furensa. Hajiya, uwar ba a hannuna take ba, saboda haka binnewa ba za ta yiwu ba. Baba, idan sun kama, yaushe zan cire ledar gaba ɗaya?

Dattijon: Kada ki cire ta rana ɗaya. Ki riƙa ƙara lokacin buɗewa har tsawon mako guda, sannan ki bar su a tukunyar sai kin ga saiwa ta leƙo ta hujin ƙasa kafin ki raba su, kuma ki jinkirta taki har sai sun zauna a sabuwar tukunya.