Taƙaitaccen Bayanin Shawarwari Kan Bin Hanyar Lewis da Clark

Waɗanda suka taɓa bin wannan hanya ta tarihi a Amurka, wadda ke tunawa da tafiyar binciken ƙasa da Meriwether Lewis da William Clark suka jagoranta tsakanin 1804 da 1806, sun yi ittifaƙi cewa kada mutum ya ɗauki aniyar gama ta a zuwa ɗaya, domin tsawonta ya kai kimanin mil 4,900 daga birnin Pittsburgh zuwa bakin kogin Columbia, kuma ta ratsa jihohi 16. Mafi yawansu sun fi son yankin Montana, inda har yau ake ganin sunan da Clark ya sassaƙa a jikin dutsen Pompeys Pillar ranar 25 ga Yuli, 1806.

An ja kunnen matafiya game da duwatsun Bitterroot, domin ƙanƙara kan rufe tsofaffin hanyoyinsu har farkon bazarar can, kuma ƙanƙarar ce ta tsayar da ayarin Lewis da Clark kansa a hanyar dawowa. Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce a saurari labarin daga bakin al'ummomin Mandan, Shoshone da Nez Perce, 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda abincinsu da dawakinsu da jagorancinsu suka ceci ayarin.