Wai me za mu kira "warbird" da Hausa?

Jama'a don Allah ku matso mu yi shawara. Jiya da daddare ina kallon bidiyon wani jirgin yaƙi na zamanin yaƙin duniya na biyu mai suna Lancaster yana tashi a Ingila, ƙugin injinansa huɗu ya tada yarona daga barci, ya leƙo waya ya ce Baba wannan wane irin jirgi ne? Wallahi sai na yi turus. Turawa suna ce musu warbird, wato jiragen yaƙin da suka gama aiki tuntuni amma ake ta gyaransu ana lallaɓa su har gobe suna tashi.

Kuma ba su da yawa fa. Lancaster guda 7,377 aka ƙera, yau biyu kacal ke iya barin ƙasa, ɗaya na sojan saman Birtaniya a Coningsby, ɗaya a Hamilton ta Kanada. A 2014 ma na Kanadan ya tsallako tekun Atlantika suka yi shawagi tare. B-29 na Amurka, irin wanda ya jefa wa Hiroshima bam a 1945, shi ma biyu suka rage masu tashi, ana kiransu FIFI da Doc.

Na tura tambayar guruf ɗinmu. Wani ya ce tsuntsun yaƙi, na ce a'a, wannan fassara ce kai tsaye, ka faɗa wa Bahaushe tsuntsun yaƙi ungulu zai hango. Wani ya ce tsohon jirgin yaƙi mana, meye abin wahala? Ai matsalar kenan, da ka ce tsohon jirgi sai mutum ya ɗauka akwala ce da aka yasar a gefen fili ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Jirgin tarihi kuma ya fi dacewa da wanda aka girke a gidan tarihi ana goge masa ƙura. Shi wannan tashi yake yi, nan ne duk maganar take.

Can sai wata yayarmu ta rubuto: jirgin mazan jiya.

Ni dai nan na tsaya. Mazan jiya muke ce wa tsofaffin sojoji, irin kakanninmu da suka je yaƙi ƙasar Bama (Burma), an tsufa amma ranar fareti sai ka ga an saka kaki an ɗaura lambobi an miƙe ƙyam. To jirgin nan ma haka yake, kuma kalmar ta ɗauko har sojojin da suka yi aiki a cikinsa, mutum bakwai a kowane Lancaster.

Wani malami ya ɗan ja, ya ce mazan jiya yabo ne, alhali irin jiragen nan ne suka yi wa birnin Dresden na Jamus ruwan wuta a Fabrairun 1945. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, ban musa ba, sai dai shi ma bai kawo wata ba.

Don haka ni na ɗauka: jirgin mazan jiya, jam'i jiragen mazan jiya. In Lancaster ake nufi sai a ƙara da mai luguden bama-bamai don a bambanta shi da ƙanana irin Spitfire. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku ya kuke cewa a wajenku?