Me ya sa fim ɗin farko na darakta ya fi taɓa zuciya?

Mai_Kallo: Salam 'yan uwa. Jiya na kalli wani ƙaramin fim, ba jarumi ko ɗaya da na sani, wata uwa ce kawai tana wanke kwanuka tana jiran ɗanta ya dawo, kyamara ta tsaya cak a kan hannunta, wallahi sai da na tuna mahaifiyata. Me ya sa idan daraktoci suka samu kuɗi wannan abin yake ɓacewa?

Dattijo_Sinima: Wa alaikumus salam ɗana. Rashin kuɗin ne ke tilasta musu kallon abin da ke gabansu. Duba Ousmane Sembène, darakta ɗan Senegal, da fim ɗinsa Borom Sarret na 1963, yini guda ne na mai keken doki a Dakar, fim ɗin bai kai rabin awa ba, amma talaucin mutumin kana jinsa har ƙashi.

Yar_Fim: Gaskiya Baba. Satyajit Ray ma, darakta ɗan Indiya, wajen shekara uku ya yi yana haɗa fim ɗinsa na farko Pather Panchali, kuɗi su ƙare a tsaya, sai 1955 ya fito, kuma yawancin 'yan wasan ba ƙwararru ba ne.

Mai_Kallo: Na gode Baba, yau da daddare zan nemi na Sembène ɗin in sha Allah.