Neman kalmar Hausa: me za mu kira kiɗan da ake tsara wa fim?

Bilkisu:
Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Ina neman taimakonku cikin gaggawa, domin ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe zan naɗi wani shiri na minti 30 a gidan rediyon da nake aiki a nan Jos, kuma batun shirin shi ne kiɗan finafinai da na wasannin talabijin. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce "score", wato kiɗan da ake tsarawa musamman domin fim guda, a sa shi yana tafiya tare da magana da motsin 'yan wasa, wanda mai kallo yake ji amma mutanen da ke cikin labarin ba sa jin sa. Ba waƙar da jarumi da jaruma suke rerawa suna rawa nake nufi ba, kuma ba kalangun da ake kaɗawa a wurin bikin da aka nuna a fim ba, tunda wannan su ma 'yan bikin suna ji. Ina kuma neman sunan mai yin aikin. Na duba ƙamus biyu da ke ofishinmu, abin da na samu bai wuce makin jarrabawa da cin ƙwallo ba. Shugaban sashenmu ya ce in ce "kiɗan fim" in huta, amma ginshiƙin shirin shi ne bambanta wannan kiɗa da waƙoƙin fim, saboda haka idan na kira su da suna ɗaya babu sauran abin da zan faɗa.

Malam Sabi'u:
Wa alaikumussalam Malama Bilkisu. Masu sana'ar dai "bakgirawun" suke cewa, kuma na sha jin ana fassara shi da "kiɗan baya". Ni ban gamsu da shi ba, domin kunnen Bahaushe idan ya ji "kiɗan baya" zai ɗauka kiɗan da aka yi a can baya ake nufi, na zamanin su Narambaɗa. Ina ganin "kiɗan rakiya" ya fi, domin aikinsa ke nan, yana raka hoto. Tarihin abin ma yana goyon bayana: kafin a fara fitar da finafinai masu magana a 1927, a gidajen silima na Turai da Amurka akan ajiye mai fiyano a gaban allo yana kaɗawa yana bin abin da ake haskawa, idan an yi gudu ya yi sauri, idan an mutu ya sassauta.

Hajiya Talatu:
Mu da muka daɗe a aikin watsa labarai mukan ce "shimfiɗa" ga kiɗan da ake sassautawa a ƙarƙashin muryar mai gabatarwa. Sai dai ba zan ba ki shawarar ɗaukarta ba, ƙanwata, domin ɗalibai sun riga sun san shimfiɗa a matsayin gabatarwar rubutu, kuma shimfiɗarmu ta rediyo ko wane kiɗa aka samu a ma'ajiya sawa ake yi, ba a tsara shi domin shirin. Ina tare da Malam Sabi'u.

Dakta Garba:
Da farko ina yaba wa Malama da ta tambaya maimakon ta jefo mana Turanci tsagwaronsa kamar yadda aka saba. Amma duk abin da aka kawo zuwa yanzu bayani ne, ba suna ba ne. Harshen da yake son ya shiga ilimi dole ne ya ƙirƙiri keɓaɓɓun kalmomi gajeru, waɗanda za a iya jam'inta su a kuma gina wasu a kansu. Shekara uku ke nan ina koyar da ɗalibaina kalmar "amon-gani", wato amon da aka yi domin ido, kuma mai yin sa "ma'amonci". Ba daga sama na ɗauko ta ba, kowa ya san "amsa-amo" a nazarin waƙa, kuma ba wanda ya ce baƙuwa ce. Sannan ina jan hankalinku cewa ita kanta kalmar "fim" da kuke ta maimaitawa aro ce, alhali muna da "majigi".

Hajiya Talatu:
Allah ya gafarta Malam, ai majigin ma daga Turanci ta shigo, daga sunan fitilar haska hotuna da Turawan mulki suke yawo da ita gari gari. Ta dai daɗe ne a gidanmu har muka manta baƙuwa ce. Game da "amon-gani" kuwa, na faɗe ta da ƙarfi sau uku a falo, jikata ta tambaye ni me muka gani.

Dakta Garba:
Hajiya, ko wace sabuwar kalma dariya ake fara yi mata. Idan gidan rediyo ya maimaita ta wata uku za ta zauna.

Haruna:
Ina neman afuwar manya, ni ne mai aikin da kuke nema wa suna, ina da ɗan situdiyo a wajen Dilimi, kuma Anti Bilkisu ta gayyace ni shirin. Bari in faɗi yadda aikin yake, wataƙila sunan ya fito daga ciki. Idan an gama tace fim, sai mu zauna da mai ba da umarni a gaban kwamfuta mu kalle shi tun daga farko, muna tsayawa muna rubuta inda kiɗa zai shiga da inda zai fita, da kuma inda ya kamata a bar shiru, wanda shi ne ya fi jawo gardama. A wani fim da na yi bara akwai wata fitowa ta uwa tana jiran ɗanta a tashar mota, mota ta zo ta sauke fasinjoji babu shi. Daƙiƙa 47 ce duka. Na fara sa goge, mai umarnin ya ce shi bori yake ji, ba baƙin ciki ba, kuma da na sake saurare sai na ga yana da gaskiya. Na koma sarewa ita kaɗai, a hankali. Da farko na shigar da ita lokacin da motar ta tsaya, sai ya zama kamar na riga na gaya wa mai kallo cewa yaron ba ya ciki. Muka jinkirta ta har sai da kwandasta ya rufe ƙofa, matar ta ajiye kwanon abincin da ta riƙo a kan benci. Ko a nan ɗin sai da muka ƙara matsar da ita hoto 12, kusan rabin daƙiƙa ke nan tunda hoto 25 ne ke wucewa a daƙiƙa guda, kafin ta zauna daidai. Kwana biyu na yi a kan wannan wuri.

Dalilin da ya sa na yi dogon bayani shi ne "rakiya" ba ta kwanta mini ba. A Hausar yau idan aka ce wane ɗan rakiya ne, ana nufin ya zo ne kawai ya cika wuri, kamar 'yan takarar da kowa ya san ba za su ci ba. Mun riga mun sha wannan kallon. A wannan fim ɗin da na faɗa, da aka fito da sunaye a ƙarshe sai na ga mai shiryawa ya sa ni a ƙarƙashin "sauti", layi ɗaya da yaron da ya riƙe sandar makirfo, kuma cikon kuɗina bai fito ba sai bayan wata biyar.

Malam Sabi'u:
Allah ya huci zuciyarka Haruna, amma a lura cewa ba kai za a kira ɗan rakiya ba, kiɗan ne za a ce na rakiya. Amarya ma ai raka ta ake yi, kuma ba a aika banza rakiyar amarya.

Malama Rabi:
Akwai wani ɓangare na batun da Hausa ta riga ta gama da shi tun kafin a ƙirƙiri silima, kuma ina mamakin ba wanda ya ambata. Masu wannan kiɗa sukan ba wa mutum guda ko abu guda 'yar gajeriyar karin da za ta riƙa dawowa duk lokacin da ya bayyana. Misalin da aka fi sani shi ne na fim ɗin Jaws na 1975, inda John Williams, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, ya yi amfani da sauti biyu kacal suna maimaituwa, da zarar mai kallo ya ji su ya san ƙaton kifin nan mai cin mutane ya kusato ko da bai gan shi ba. To wannan ai take ne. Ɗan dambe yana da takensa da kalangu ke kira tun kafin ya shiga fage, sarki yana da nasa, mahauta suna da nasu, kuma mai take yana gane abinsa daga nesa. Malama Bilkisu, ko ba ki samu babbar kalmar ba, ki riƙe wannan: taken mugu, taken jaruma, taken gidan sarki.

Hajiya Talatu:
Wannan kam babu ja. A rediyo ma "taken shiri" muke cewa ga kiɗan buɗewa da rufewa, wanda ya yi daidai da na wasannin talabijin masu dogon zango.

Dakta Garba:
Na karɓi "take" hannu bibbiyu, kuma ita ce hujjata. Kalma ce guda, gajera. Me zai hana babbar ma ta zama haka?

Alhaji Nasiru:
Ni daga Kano nake bibiyar zancen, kuma da girmamawa nake cewa ba a Jos za a yanke wannan hukunci ba. Sana'ar nan a Kano ta tsiro, tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, kuma duk sunayen da ake rubutawa a ƙarshen fim, shiryawa da umarni da tacewa, a nan aka daidaita su. Mu "kiɗa" muke rubutawa, mai yi kuma makaɗi, ba mu taɓa jin wani ya ruɗe ba. Mutanen Jos su fara sasanta "ya" da "ta" tukuna, sannan a zo maganar ƙirƙirar kalma.

Malama Rabi:
Alhaji, ranka ya daɗe, Hukumar Finafinai ta Najeriya da aka kafa a 1979 a Jos hedikwatarta take, makarantar koyon aikin fim ta ƙasa a nan take, haka ma kwalejin talabijin ta NTA da ke Rayfield. Marigayi Ɗan Maraya da ya kai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2015, da sunan Jos aka san shi, kuma ban ji Bakano ya taɓa gyara masa Hausa ba. Sannan rashin ruɗewar da kake faɗa, dalilinta shi ne finafinanmu sun fi ba waƙa muhimmanci a kan wannan kiɗa, har wasu sukan yanko shi daga finafinan Indiya su liƙa, sai ya zama babu wanda za a rubuta sunansa balle a nemi kalma. A wajen masu ba da lambar yabo ta Oscar rukuni biyu ne daban, na waƙa da na wannan kiɗa, kuma a 2009 A. R. Rahman na ƙasar Indiya ya karɓi duka biyun a kan fim guda. Da abu ɗaya ne da ba a ba shi kyauta biyu ba.

Alhaji Nasiru:
Wasa nake yi da maganar "ya" da "ta", Malama, kada a ɗauke ta da zafi. Amma ina nan a kan bakana cewa makaɗi makaɗi ne.

Haruna:
Alhaji, ba na gudun sunan makaɗi don raini, kakana na wajen uwa kalangu ya kaɗa har ya rasu. Sai dai makaɗi shi ne mai bugawa da hannunsa. Sarewar da na faɗa ba ni na busa ta ba, wani dattijo na ɗauko daga Gangare, na rera masa abin da nake so da baki ya busa. Shi ne mabushi, ni kuma na tsara. "Ma'amonci" kuwa, Dakta ya yi haƙuri, idan na rubuta shi a allon shagona za a zo neman maganin gargajiya.

Malam Sabi'u:
To ai ka ba da amsar da kanka: mai tsara kiɗa. Ba "mai haɗa kiɗa" ba, domin wannan an riga an san shi da mai zama a kan na'ura yana haɗa wa mawaƙa.

Dakta Garba:
Kalma uku domin mutum guda. A fannin kiɗa kalmar Turancin tana nufin takardar da aka rubuta kiɗan kowane kayan kiɗa layi bisa layi, kuma ranar da ɗalibanmu za su fara karanta irin wannan takarda za ku dawo neman wata kalmar, domin ba za a ce an buga "rakiya" a takarda ba.

Malama Rabi:
Ranar sai mu ce rubutaccen kiɗa, Dakta. Alhamis dai jibi ce.

Bilkisu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta a takardar shirin. A farko zan yi bayani da jimla guda, cewa kiɗa ne da mai kallo yake ji amma 'yan cikin labarin ba sa ji, sannan in ce a wannan shiri za mu kira shi "kiɗan rakiya". Mai yin sa "mai tsara kiɗa", karin da ke bin mutum guda kuma "take", da godiya ga Malama Rabi. Zan faɗa wa masu sauraro cewa sunan farkon bai samu amincewar kowa ba, in buɗe layin saƙo ga mai wata shawara. Haruna, ka zo da fitowar tashar motar iri biyu, mai goge da mai sarewa, domin ko ba hoto ina son a ji bambancin.

Dakta Garba:
Ban amince ba, amma ba zan hana ki aikinki ba. Ina roƙon a ambaci "amon-gani" ko sau ɗaya ne, a ce akwai malaman da suke amfani da ita.

Bilkisu:
Zan ambata sau ɗaya, Dakta, in ce akwai malamin da yake amfani da ita.

Haruna:
Zan zo da su in sha Allahu, Anti. Idan kin ce "kiɗan rakiya" ba zan musa a gaban makirfo ba, amma ni a bakina "kiɗan labari" zan riƙa cewa, yanzu ta zo mini ina rufe shago. A tanadar mini minti biyu kafin a fara naɗa, domin mai gogen tana kan tsohuwar kwamfuta, sai na kwafo ta a filashi.