Kurciyoyin da nake ciyarwa sun fara mutuwa, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina unguwar Sawaba a nan Kumasi. Tun ina ƙarama, in Babanmu ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗebi gero a tafin hannu ya watsa a bayan gida, gindin mangwaro. Da Allah Ya yi masa rasuwa bara sai na ɗora, da niyyar ladan ya kai kabarinsa. Ɗan fili ne, akwai gwanda biyu da barkono da kontomire, wato ganyen gwaza, da nake shukawa. Kurciyoyi ne suka fi zuwa, sai gwara, sai wasu 'yan mitsi-mitsi jajaye da ban san sunansu ba.

Gaskiya na ƙara a kan abin da Baba yake yi. Shi tafi ɗaya ne, ni kuwa gwangwanin madara uku nake zubawa, in haɗa da ragowar tuwo da burodin da ya kwana. Ruwa kuma a wani tsohon kasko, in ya ragu in ƙara.

To cikin kwana goma kurciya uku na rasa. Ta ƙarshen da ranta na same ta, ta kumbura gashi tana zaune a bakin kaskon, har na matso ba ta tashi ba. Sai ta ɗauki ƙwaya ta faɗo mata daga baki, gashin wuyanta duk ya jiƙe. Kafin la'asar ta mutu. Ga maƙwabciyata mai kaji ta fara ƙorafin wai na tara mana ɓeraye. Har zuciyata ta fara raya mini ko guba aka sa. In daina ne, ko yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Asawase:
Wa alaikumus salam. Hmm, ni dai a bincika maƙwabciyar nan. Mutum ya yi ƙorafi yau, gobe tsuntsu ya mutu?

Wani dattijo mai kiwon tattabaru, Aboabo:
A'a, kada a ɗora wa baiwar Allah laifin da ba a gani ba. Da guba ce, da kajinta za su fara kwasa in su ma suna kiwo a wurin.

Ɗiyata, Allah Ya jiƙan mahaifinki. Abin da kika kwatanta mu masu tattabaru mun san shi sarai. Ciwon maƙogwaro ne. Da kin buɗa bakinta da kin ga wani abu rawaya-rawaya kamar dafaffen gwaiduwar ƙwai ya manne a ciki. Shi ke toshe hanya, tsuntsu ga abinci ga yunwa. Wata 'yar ƙwayar cuta ce ke kawo shi, a yawu take. Maras lafiya ta sha ruwa ta bar ta a kasko, ko ta tofar da gero wata ta tsince, shi ke nan an raba. Kaskon nan naki da ba a zubarwa sai dai a ƙara, shi na fi zargi.

Sauƙin abin, ƙwayar ba ta jure bushewa. Ki ɗauke kaskon yau, ki share wurin tas, ki daina zuba komai kamar mako uku. Na san zai yi miki nauyi ki ga sun zo sun tsaya, amma so ake su watse kowa ya nemi nasa. Ba za su mutu da yunwa a Kumasi ba, kurciya tun kafin a haife mu take kiwonta. In za ki dawo, ki nemi faranti biyu marasa zurfi, ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa. Yau wannan, gobe wancan, wanda ya huta a wanke shi da sabulu a kife a rana.

Wata Hajiya mai sayar da hatsi:
Baba na Aboabo ya gama magana. Nawa ƙarin a kan abincin ne. Ƙanwata, ki raba su da tuwo da burodi. Da damina a garin nan abu in ya kwana a ƙasa ya yi fumfuna, kuma shi ke kiran ɓera da gafiya da dare. Nan maƙwabciyarki tana da gaskiya, ki yi haƙuri. Sannan kada ki yarda a sayar miki da na ƙasan buhu don wai na tsuntsaye ne. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana da dafin da ke lalata hanta, ga mutum ga tsuntsu. Geron da za ki yarda ki dama kokon yaranki da shi, shi za ki ba su. Olonka ɗaya, wato gwangwanin da muke awon hatsi da shi, sai ya kai ki wata in kin bi ma'aunin Babanku.

Wani ɗan'uwa, ma'aikacin gidan kaji, Ejisu:
Yaya, ki daina ɗaukar mushen da hannu. Ki sa leda, ki binne da zurfi inda kyanwa ba za ta tono ba, ki wanke hannu. Ni ma na fi zaton ciwon da Baba na Aboabo ya faɗa ne, amma mu da muka ga murar tsuntsaye a 2015 da 2021 ba ma wasa da mushen tsuntsu kusa da kaji. In kika ga sun mutu da yawa a rana ɗaya, ko kajin maƙwabciyarki sun fara faɗuwa, ku je ofishin likitocin dabbobi a ranar. Kuma ki nisanta wurin da kike watsa geron daga akurkinta.

Af, ruwan kasko in ya yi mako ba a zubar ba, sauro ma ya samu gidan haya kyauta.

Wani malami, Tafo Zango:
Malama, na lura abin da ke damunki shi ne kada sadakar Baba ta yanke. Ba za ta yanke ba. Ya tabbata a hadisi cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Wa ya dasa mangwaron nan? In shi ne, to tun kafin ki ɗebi gero ladansa yake tafiya. Ki bar gwanda ɗaya ta nuna a kan uwarta kada ki tsinka. Ki watsa ɗan gero a gefen barkonon ya fito ya yi zangarniya, su ci a tsaye, ba wadda za ta tsinci abin da wata ta tofar.

Wani matashi daga Nima, Ankara (Accra):
Ni da na gwada wannan aikin lada, hankaki ne suka amsa gayyata. Har soson wanka suka ɗauke mini.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam, Baba ne ya dasa shi, shekarar da aka haifi yayanmu. Na karanta amsarka sai da na yi hawaye.

Na kife kaskon, ƙasansa har ya yi kore, ni kaina na ji kunya. Na leƙa wajen maƙwabciyata na ba ta haƙuri, kajinta lafiya lau, har ta ara mini tarkon ɓera. Yau da safe kurciya shida suka sauka suna ta zagaye inda kaskon yake, ni kuwa ina leƙensu ta taga da gero a hannu. Baba na Aboabo, mako ukun daga yau zan fara ƙirga, ko daga ranar da ta ƙarshen ta mutu?