"Made of" ko "made from"?

Sani Agege: Malamai, ina shirin WAEC. Yaushe ake cewa "made of", yaushe "made from"?

Malama Hadiza: Sani, duba kayan. In ana ganinsu yadda suke, "of": "The bench is made of wood", katakon yana nan. In sun rikiɗe, "from": "Garri is made from cassava", domin an gurza rogon, an soya.

Malam Bala, Idi-Araba: Haka ne, Malama. Ɗalibaina sun fi tuntuɓe wajen faɗin asali. Bakano mazaunin Legas "I come from Kano" zai ce. "I am coming from Kano" kuwa, yanzu ya taso daga can ke nan.

Malama Hadiza: Kuma "because of" suna ne ke binsa: "because of rain". In jimla ce, cire "of".