Da gaske Tony Iommi da guntulallun yatsu ya yi duk kiɗansa?

Ɗan Kafinta ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya kawo ta.

Shekara uku ke nan ina koyon jita da kaina, da daddare in na tashi daga aiki. Sana'ata kafinta ce. Wata huɗu da suka wuce injin yankan katako ya ɗauke mini kan yatsan tsakiya na hannun hagu, daga gindin farce zuwa sama. An ɗinke, ya warke, har na koma bakin aiki, alhamdu lillahi. To amma duk wanda ya taɓa riƙe jita ya san da hannun hagu ake danna tsirkiya. Shekaranjiya na ciro ta daga jaka karo na farko tun da abin ya faru. Ina danna tsirkiya ta uku sai na ji kamar an soka mini allura har cikin gwiwar hannu. Na mayar da ita jaka na zauna shiru. Ban ɓoye muku ba, sai da na yi hawaye.

Wani abokin aikina ne ya ce mini akwai wani Bature ɗan Ingila mai suna Tony Iommi, na ƙungiyar Black Sabbath, wai shi ma inji ya guntule masa yatsu tun yana saurayi, amma ya shekara hamsin yana kiɗa. Na saurari wasu waƙoƙinsu. Jitar na da wani nauyi da kauri kamar ana jan ƙarfe a ƙasa, kuma ban ji alamar mai raunin hannu ne ke kaɗa ta ba. Shi ya sa nake kokwanto.

Don Allah wanda ya san tarihinsa ya faɗa mini: gaskiya ne ko ƙarin gishiri ne? Waɗanne yatsu ne? Da me yake danna tsirkiya? Kuma me ya hana shi juya jitar ya koya da ɗaya hannun? Don ni ma abin da nake ta saƙawa ke nan.

Baba Mai Faifai ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu yaro, Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Abokin aikinka bai yi maka ƙarya ba. Na fi shekara arba'in ina sauraron mutumin nan, bari in ba ka abin da na sani.

An haife shi a Birmingham ranar 19 ga Fabrairun 1948, iyayensa 'yan asalin Italiya ne, ya girma a unguwar Aston inda suke da ɗan kanti. Birmingham ta wancan lokaci garin masana'antun ƙarfe ne, yaro in ya bar makaranta can yake nufa. Shi ma haka, ya kama aikin walda a wata masana'antar faranten ƙarfe, yana kiɗa da dare. Yana shekara 17 ya sami gurbi a wata ƙungiya da za ta tafi wasa Turai, sai ya ba da sanarwar barin aiki. A ranarsa ta ƙarshe ya dawo gida cin abincin rana, ya ce ba zai koma ba, mahaifiyarsa ta ce sai ya je ya ƙarasa wunin kamar yadda ya kamata. Ya koma. Mai kula da injin matse ƙarfe ba ta zo ba a ranar, aka ɗora shi a kai alhali bai saba da shi ba. Injin ya sauko masa a hannu, ya fizge, kan yatsu biyu suka tafi: na tsakiya da na zobe, a hannun dama.

Kada ka ce ai hannun dama ne, da sauƙi. Bahago ne. Da dama yake danna tsirkiya, wato daidai inda kai abin ya same ka, sai dai nasa biyu ne. A asibiti aka ce masa ya manta da jita.

Abin da ya tashe shi, shugabansa na wurin aiki ne ya zo duba shi da wani faifai, ya matsa masa sai ya saurara. Da kiɗan ya ƙare ya ce masa, wannan da ka ji Django Reinhardt ne, kuma da yatsu biyu yake yawancin abin da ka ji. Django makaɗin jaz ne da aka haifa a Beljiyam ya yi suna a Faransa, gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928, yatsu biyu suka shanye.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne, tunda kai mai aikin hannu ne. Ya ɗauki robar sabulun wanke-wanke ya narkar da ita ta zama dunƙule. Ya sa ƙarfe mai zafi ya huda rami daidai yatsansa. Ya zauna kwana da kwanaki yana goge ta da sanfefa har ta koma siffar kan yatsa. Da ya gwada sai roba ta riƙa zamewa a kan tsirkiya, ya yanko fata daga wata tsohuwar rigarsa ya manna a kai. Ka ga 'yan hulunan yatsu ke nan. Daga baya masana suka riƙa yi masa masu kyau, amma dabarar tasa ce, kuma bai daina manna musu fata ba.

Matsala ta biyu tsirkiya. Na wancan zamani masu kauri ne, danna su azaba ce gare shi, kamfanoni kuma ba sa yin sirara. Sai ya riƙa haɗawa da tsirkiyar banjo, wani abin kiɗa ɗan'uwan jita, wadda ta fi laushi. Ta uku kuwa ba ta da magani: ba ya jin tsirkiya a ƙarƙashin yatsun nan biyu ko kaɗan. Kunnensa ne ke gaya masa ko ya danna daidai. Dole ya ƙara dogara da manuni da ɗan ƙaramin yatsa, ya bar wasu haɗe-haɗen sauti da ke buƙatar yatsu huɗu, ya koma ga gajeren kiɗa mai nauyi da ake maimaitawa, wanda waƙa ke hawa kansa. Nauyin da ka ce ka ji, rabinsa daga nan ya fito.

Batun juya jita, ya gwada, bai yi haƙuri da ita ba, don yana ganin shekarun da ya yi yana koyo sun yi yawa da zai sake daga farko. Amma da ya manyanta shi da bakinsa ya ce da ya san wahalar da ke gaba, da juyawar ya yi. Ka riƙe wannan.

Malama Tsirkiya ta amsa:

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba da lafiya. Baba, a gafarce ni, zan ɗan yi gyara a wuri guda, don ana yawan ba da labarin kamar yatsu na guntulewa sai sabon kiɗa ya faɗo daga sama.

Tsakanin haɗarin da faifansu na farko akwai kusan shekara biyar. A cikinsu ya yi ta kiɗan bulus a ƙananan wurare. A 1968 ne suka haɗu su huɗu, shi da Ozzy Osbourne mai waƙa, Geezer Butler mai jitar bas, da Bill Ward mai ganga, suna amsa sunan Earth. A ƙarshen shekarar ma ya bar su ya shiga ƙungiyar Jethro Tull na ɗan lokaci kaɗan, ya dawo. Abin da ya ce ya koyo a can shi ne tsari: a fara atisaye da ƙarfe tara na safe, ba wasa. Ya dawo ya ɗora wa abokansa wannan doka. Shi ya sa da suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a Landan a watan Oktoban 1969, a wuni guda suka ɗauke faifan gaba ɗaya, don sun riga sun haddace shi a gaban jama'a. Ya fito ranar 13 ga Fabrairun 1970. A ranar ɗaukar ma jitarsa ƙirar Fender ta lalace, ya ɗauki wata ƙirar Gibson SG da ya ajiye ta ko-ta-kwana, ita ce ta zame masa abokiyar rayuwa.

Sassauta tsirkiya sosai, wanda mutane ke cewa tun ranar farko ya fara, a faifai na uku ne ya bayyana, Master of Reality na 1971. Nan ya saukar da sautin jitar da taki ɗaya da rabi a wasu waƙoƙin. Tsirkiya ta yi laushi, yatsu suka huta, sauti ya ƙara duhu. Butler ya saukar da tasa don su daidaita.

Ina koyar da yara jita, don haka ga tawa shawarar. Wata huɗu ba komai ba ne a wurin jijiya. Kan yatsan da aka ɗinke yakan daɗe yana wannan zafi mai kama da lantarki, kuma sau da yawa yana raguwa da lokaci. Kafin ka narka wata roba, koma wurin likitan da ya duba ka, ka gaya masa kana kiɗa, ka tambaye shi ko akwai masu gashi da motsa hannu da zai tura ka wurinsu. Sannan ka sa tsirkiya mafi siranta da za ka samu, ka sassauta ta, ka sa a rage tazarar da ke tsakaninta da wuyan jitar. Minti goma a rana ya isa a yanzu. Sannu ba ta hana zuwa.

Abban Yara ya amsa:

Allah ya ƙara afuwa. Ni abin da ke burge ni da mutumin nan ba yatsun ba ne kawai, zaman da ya yi ne. Shi kaɗai ne bai taɓa barin ƙungiyar ba tun da ta ɗauki wannan suna a 1969. Faifansu na biyu, Paranoid, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1970, kuɗi suka shigo, shaye-shaye ya biyo baya, shi ma bai tsira ba, kuma bai ɓoye hakan ba a tarihinsa da ya fitar a 2011. A 1979 suka sallami Ozzy. Kowa ya ce an gama. Iommi ya ɗauko mawaƙi Ronnie James Dio suka fitar da faifan Heaven and Hell a 1980, wanda ni a wurina ya fi komai nasu daɗin sauraro, ko da Baba ba zai yarda ba. Dio ya tafi, mawaƙi Ian Gillan na ƙungiyar Deep Purple ya zo a 1983, ya tafi. A 1986 Iommi ya so fitar da faifai da sunan kansa, kamfani ya tilasta a buga sunan ƙungiyar a kai. Shekarun nan sun yi masa tsanani, 'yan kallo sun ragu, mawaƙa na shiga suna fita, shi dai yana nan.

Na san wasu za su tsaya a kan sunan ƙungiyar, ni ma na tsaya a da. Daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi, don sun lura mutane na biyan kuɗi a tsorata su. Butler ne ya rubuta yawancin baitocin zamanin Ozzy, kuma da yawansu kan yaƙi ne da mugun halin shugabanni. Kowa dai ya auna da kansa abin da zai saurara.

A farkon 2012 aka gano Iommi yana da cutar daji ta lymphoma, bai cika shekara biyu da rasa Dio ba, wanda shi ma dajin ciki ya kashe a 2010. Yana karɓar magani ya rubuta kiɗan faifan da suka sa wa suna 13, wanda ya fito a 2013 ya zama na farko nasu da ya hau na ɗaya a Amurka. A zagayen wasan da ya biyo baya yakan koma Ingila a yi masa magani ya dawo dandamali. Sun rufe zagayensu na ƙarshe a Birmingham a Fabrairun 2017. Sannan ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun na asali suka sake tsayawa tare a filin Villa Park, cikin Aston ɗin da suka taso, Iommi na da shekara 77. Ozzy ya rasu ranar 22 ga wannan watan.

Baba Mai Faifai ya sake amsawa:

Malama, gyaranki ya zauna, na gode. Abban Yara, ba zan yarda ba kam, faifai huɗun farko sun fi. Yaro, abu ɗaya na manta: in ka sami bidiyon wasansa, tsayar da shi daidai lokacin da aka nuno hannunsa na dama. Za ka ga hulunan da idonka.

Ɗan Kafinta ya dawo:

Na gode Baba, na gode Malama, na gode Abban Yara. Allah ya saka da alheri.

Baba, na tsayar da bidiyon kamar yadda ka ce. Na gan su, biyu, a yatsan tsakiya da na zobe. Na daɗe ina kallo. Na kuma lura da yadda ɗan ƙaramin yatsansa ke aiki, nawa kuwa shekara uku kusan a banza yake rataye, ban taɓa koya masa komai ba.

Malama, na bi maganarki. Jiya na sassauta tsirkiyoyin duka, na yi minti goma da manuni da na zobe da ƙaramin, na ɗage na tsakiyan sama. Sautin ya fito da kauri irin wanda ban taɓa ji daga jitata ba. Ranar Litinin zan koma asibiti in yi tambayar da kika ce. Batun juyawa ban yanke ba tukuna, maganar da Baba ya ce in riƙe tana nan tana yi mini yawo a kai. Na dai ware wani guntun fata mai laushi daga ragowar aikin kujera na ajiye a aljihun jakar jitar. In likita ya ba da izini, Baba, zan dawo in tambaye ka kaurin da ya kamata hular ta yi.